Jawabin biron ƙungiya a taron shekara: maganar injin motar gari

Mai gari, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, da ku ƴan'uwanmu ƴan bida da kunka zo daga Yamai, Abijan, Lome, Ikko da Libiya, da waɗanda ba su samu zuwa ba amma takardar nan za ta iske su inda suke, muna gaishe ku, muna yi muku sannu da hanya.

Biro ya aza mana nauyin yin bayani bisa motar gari. Kowa ya san tun bazara take tsaye, kuma tun da ta tsaya mai naƙuda da wanda maciji ya sara sun koma amalanken shanu da kabu-kabu kafin su kai likita. Saƙonnin da kunka aiko mana sun rabu. Wasu sun ce a buɗe injin a gyara, wasu sun ce a sayar da motar a huta, mafi yawa kuma sun ce a sayo mata inji na hannu, irin wanda ake saukewa daga waje. Amma har masu wannan ra'ayi tambayarsu guda ce: in an sa mata tsohon inji, shekara nawa za ta yi, ko kuwa baɗi war haka za a sake kewaya mu da ƙoƙon tarbace? Tambaya ce ta gaskiya, domin kuɗin nan da zufa anka samo su, wani a dako, wani a tallar shayi, wani a gadin gidan mutane. Don haka mun zauna da makanikai da tsofaffin direbobi, ga kuma abin da munka taho da shi.

Motarmu Toyota Hiace ce, irin wadda kamfanin ya yi tsakanin 1989 da 2004, mai shan gazuwal. Injinta shi ne wanda ake kira 3L, mai silinda 4, litir 2,8. Inji ne da anka sani da juriya, ba shi da kwamfuta, kowane makanike na Maraɗi, Tawa ko Damagaram ya san cikinsa, kuma in ya samu kulawa yana haura kilometir dubu 300 ba a buɗe shi ba. Da anka sauke namu, an iske kan injin, wanda makanikai ke kira kilas, ya tsage, fistan guda ya kama, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Wannan aikin zafi ne. Da anka duba lagireto kuma, sai anka iske rabin bututunsa sun toshe da farar ƙasa da laka, fankar ba ta jan iska da ƙarfi, termosta kuwa babu ita sam a wurinta.

To, iyayenmu, a nan gindin maganar yake. Injin nan bai mutu don tsufa ba, kashe shi anka yi, kuma abin da ya kashe shi yana nan cikin motar bai je ko'ina ba. In mutum ya rasa sansa saboda ruwan wani tafki, ya je kasuwa ya sayo wani, ya mai da shi tafkin nan, ba zai ce dillali ya cuce shi ba. Yawancin labarin da kuke ji, cewa wane ya sa inji na hannu bai yi wata shida ba ya ƙone, in kun bi diddigi haka za ku iske: an canza inji, an bar masa tsohon lagireto, tsofaffin tiyo da tsohuwar fanka. Tsawon ran injin da za mu sa, rabinsa yana hannun wanda zai zaɓo shi, rabinsa yana ga abin da za mu gyara kewaye da shi da yadda za mu riƙe shi.

Bari mu fara da inda injunan suke fitowa, don mu san abin da muke saye. Manyanmu sun tuna lokacin da Peugeot 404 da 504 suke riƙe da hanyoyinmu, musamman bayan da anka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kayan gyara suna shigowa ta Jibiya da Ƙonni. A watan Janairu na 1994 anka karya darajar Sefa da rabi, sabbin kayan mota na Turai sunka ninka kuɗi dare ɗaya, daga nan kasuwar kayan hannu ta ƙara kafuwa. Wasu injunan daga Turai suke zuwa. A birnin Burusal na Beljik akwai unguwa guda, Heyvaert, da ta yi suna wajen tara tsofaffin motoci ana aiko su Afirka ta tashar jirgin ruwa ta Anbers, shi ya sa a Najeriya ake ce wa kayan hannu Beljiyam. Wasu daga Japan suke fitowa, su biyo ta Sharja, kusa da Dubai, inda ake yanka motoci ana sayar da su gunduwa-gunduwa. A da yawancinsu Kotonu suke sauka su hawo ta Gaya. Daga ƙarshen Yuli na 2023, da anka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya sunka koma bi ta Lome da Burkina, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya hau.

Me ke sa Bature ko mutumin Japan ya rabu da injin da ke aiki? A Turai gishirin da suke zubawa bisa hanya lokacin ƙanƙara yana cinye jikin mota, tsatsa ta huda ta alhali injin da sauransa. A Japan kuma binciken lafiyar mota yana da tsada, motar gida ana kai ta bayan shekara 3 da saye sa'an nan kowace shekara 2, motar kaya kuwa kusan kowace shekara, har mai ita ya ga gara ya sayi sabuwa. A 2003 birnin Tokiyo da jihohin da ke kewaye da shi sunka hana tsofaffin motocin kaya masu gazuwal yawo cikinsu, motoci masu ƙoshin lafiya da yawa sunka fito kasuwar waje. Sai kuma motar da ta yi haɗari ta baya ko ta gefe. Irin waɗannan su ne injuna nagari. Amma ku lura da lissafin shekarun. Duk 3L da za a kawo mana yau ya yi shekara 20 ko kusa da haka, wani ma ya haura 30. Kalmar “sabon sauka” da dillalai ke faɗi tana nufin sabo ne a garinmu, ba sabo ba ne a duniya. Nagarin sun ragu, kuma cikin kasuwa akwai waɗanda sun riga sun gama aikinsu a hanyoyin Afirka, anka wanke su da gazuwal, anka fesa musu fenti, anka jera su tare da na waje. Ba mu ce duk ƴan kasuwa haka suke ba, akwai masu amana a Katako ta Yamai, akwai su a Ƙofar Ruwa ta Kano. Sai dai wani lokaci shi kansa mai sayarwa bai san tarihin abin da ke gabansa ba.

Dalili kuwa shi ne inji ba shi da haƙora. Doki ko raƙumi ka buɗe bakinsa ka san shekarunsa. Agogon da ke ƙirga kilometir yana jikin mota, in an ciro injin agogon ya zauna can. Wanda ya ce muku wannan kilometir dubu 80 kawai ya yi, da baki ya faɗa. Sai in gaban motar anka yanko gaba ɗaya, inji da agogo a haɗe, shi ma ana iya mai da agogo baya. Saboda haka muna roƙon ƴan'uwanmu na Lome da Ikko, waɗanda sunka ce za su saya su aiko, mun gode da niyyarku, amma kada a yi cinikin biri a sama. Hoton da ake turowa ta waya ba ya nuna abin da ke cikin silinda. A saya inda makanikenmu zai iya zuwa da ƙafarsa, ya taɓa, ya saurara.

Abin da zai duba ba asiri ba ne, kuma muna so ku sani don in ya dawo ku iya tambayarsa. Zai buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. In ya ga abu fari-fari kamar kindirmo a manne, ruwa yana shiga mai, a bar wannan injin ko da kyauta ne. In ya ga baƙin dasƙararren datti kamar kwalta, mai shi bai riƙa yi masa juye kan lokaci ba. Zai duba ko akwai sabon gam a bakin kilas ko a tukunyar mai ta ƙasa, alamar an taɓa buɗe shi ke nan, sai a tambayi dalili. Injin da ya sha wanka yana ƙyalli ya fi ba mu tsoro bisa wanda ya zo da ƙurarsa, domin ƙura tana nuna inda mai ke yoyo, wanka kuwa yana ɓoyewa. Sa'an nan a tada shi a ƙasa, da batir da galan na gazuwal, kuma a tada shi da sanyinsa, da safe, ba bayan yaran shago sun riga sun ɗumama shi ba. Mai lafiya yana tashi nan take, ya yi ɗan hayaƙi ya washe. Shuɗin hayaƙi mai ne yake ci. Farin hayaƙin da ba ya yankewa ruwa ne ko gazuwal da bai ƙone ba. In an ɗora murfin mai a bakinsa ba a ɗaure ba, iska ta riƙa tunkuɗo shi yana tsalle, zobban fistan sun gaji.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne awon matsi. Akwai ƙarfen awo da ake ɗaurawa a kowace silinda, a juya injin, allura ta nuna ƙarfin da fistan ke matse iska. Littafin kamfanin ya ce na 3L mai lafiya yana ba da 32, in ya sauka ƙasa da 20 ya gama, kuma kada bambancin da ke tsakanin silinda da ƴar'uwarta ya wuce 5. Aikin rabin awa ne. Mai sayarwar da ya ƙi a yi wannan awo ya riga ya ba mu amsa. Kuma garantin da za a ba mu a rubuta shi a takarda tare da lambar injin, a ce yana farawa ranar da motar ta tashi, ba ranar da anka biya kuɗi ba, domin ƴan kwanakin da suke bayarwa suna iya ƙarewa injin yana bisa hanya. A riƙe takardar sayen da ta duwan, saboda ranar da jandarma zai tambaya.

Wasu sun kawo shawarar a sa mata injin zamani, irin na sabbin Hilux. Ba mu goyi bayan haka ba. Waɗannan da kwamfuta suke aiki, sai an canza wayoyi da abubuwa da yawa, ba sa haƙuri da gazuwal mai datti, kuma ranar da sunka tsaya a daji ba wanda zai tada su da sifana. Wasu sun ce a juya ta zuwa isansi. Nan ma sai an canza takardar motar, ga shan mai. A nemo mata irin nata. Ko shi ma, in daga Hilux anka ciro shi, tukunyar mai da wasu ƙarafa sun bambanta, sai an ɗauko na tsohon an mayar. Don haka kada kowa ya yi gaugawar sayar da tsohon injin ga masu awon ƙarfe. Pompon gazuwal ɗinsa, da abin tada shi, da abin cajin batir duk suna da rai, ajiya ce.

Yanzu ga inda za ku ga lissafi ya ƙaru, kuma muna so ku ji dalili tun kafin ma'aji ya karanta, kada a ce biro ya cusa abin da ba a aike shi ba. Ƙarfe yana jure zama, roba ba ta jurewa. Injin da ya yi shekaru a ajiye ko da bai yi tafiya mai yawa ba, robobinsa sun bushe. A gaban 3L akwai wani bel mai haƙora, kuruwa inji makanikai, shi ke daidaita tafiyar fistan da bawul. Kamfanin ya ce a canza shi kowane kilometir dubu 100, har akwai fitila a gaban direba da ke kamawa don tuni. In ya tsinke ana cikin tafiya, fistan ya doki bawul, an koma gidan jiya. Ba mu san ranar da anka sa wanda zai zo jikin injin ba, saboda haka a canza shi tun injin yana ƙasa, tare da abin da ke ɗame shi da pompon ruwa. Haka robar da ke tare mai a bayan injin, da faifan kuloci: yanzu kuɗinsu kawai za a biya, in an bari sai an ɗora, sai an sake sauke akwatin giya. Kuma a sayi na ainihi. Kasuwa cike take da jabu cikin kwali mai kyau, araha kuwa ba ta ado.

Sai lagireto. Ra'ayinmu a sa sabo, in kuɗi bai kai ba a buɗe wannan a zure bututunsa ɗaya bayan ɗaya, ba a watsa masa ruwa ta sama a ce an wanke ba. A canza tiyo duka, a gyara fanka, a sa sabon murfi. Murfin nan ƙaramin abu ne amma shi ke riƙe matsi: ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, a lagireto mai murfin kirki sai ya kusa 120. Wanda ya toshe bakin da tsumma ya zubar da wannan rata. A mai da termosta. Mun san makanikai da yawa suna cire ta su jefar, suna cewa ta ƙasar sanyi ce. Ba mu yarda da su ba. Ita ke rufe hanya har injin ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 82 zuwa 88, sa'an nan ta buɗe ta tura ruwa lagireto. In babu ita, da sanyin hunturu injin yana aiki a sanyaye yana cin kansa, kuma cire ta ba ya warkar da toshewar lagireto, jinkirta ganinta kawai yake yi. Game da ruwan da ake zubawa, ku leƙa cikin butar shayin da ta daɗe ana dafa ruwan rijiyarmu a ciki, ku ga farin ɓawon da ya kama ta. Abin da ke kama bututun lagireto ke nan, su kuwa ba su kai kaurin karan alkalami ba. A sayi ruwan lagireto na galan, in ya gagara a tari ruwan sama a tace.

In an yi duk wannan, shekara nawa? Aibin da ke ɓoye cikin inji na hannu ba ya daɗewa bai fito ba. Kilas mai tsaga ko ƙarfen da ya gaji suna tona kansu cikin watannin farko. A yi juyen mai na farko bayan kilometir 500 zuwa 1000, a duba man da ya fito ko da garin ƙarfe a ciki. Babbar jarrabawa kuwa ita ce bazara, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 42, ga kaya, ga yashi. Injin da ya ƙetare bazara guda allurar zafi ba ta motsa daga wurinta ba, ruwa bai ragu ba, to ya zama namu, daga nan tsufansa a hankali ne, ana ganinsa yana zuwa, kuma shekaru ake magana ba watanni ba. Ana auna shi da man da yake ci. In an wayi gari yana shan litir guda a kilometir 1000, lokacin canza zobba ya yi, a shirya tun bai tsaya ba.

Wannan awo ba ya yiwuwa sai da littafi. Muna ba da shawara a ajiye kaye guda cikin motar, direba ya riƙa rubuta ranar kowane juye, da kilometir, da kowane litir da ya ƙara. Juye kowane kilometir dubu 5, kada a jira sai mai ya yi kauri. Daga nan zuwa Yamai da dawowa sau huɗu ya isa a yi juye, kun ga ba abin shekara ba ne. Matatar iska kuma ita ce ran inji a ƙasarmu. Ƙurar hunturu da ta hanyar burji in ta samu ƙofa ko kamar ta allura, tana shiga silinda ta goge ta kamar yadda yashi ke goge tukunya. Buga matatar bisa taya yana fasa takardarta. In ta gaji a saya. Gazuwal ɗin bakin hanya na ƴan ruwa-ruwa ba mu ce haramun ba ne, wata rana shi kaɗai ake samu, amma a tace shi, a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan matatarsa. Direba kuma ya sani, in ruwa ya tsiyaye duka, allurar zafi tana iya yin shiru domin ba ta da abin da za ta auna. Duba ruwa da mai kowace safiya kafin a tada mota ba ya cin minti biyar. In ta yi zafi a hanya a tsaya, a bari ta huce, kada a kwara mata ruwan sanyi, nan ne kilas ke tsagewa.

Masu cewa a sayar da motar suna da hujjar da ba za mu raina ba. Canza inji ba ya mai da tsohuwa yarinya. Akwatin giya, birki, ƙafafu da wayoyin wuta duk shekarunsu na nan. Mun sa an shiga ƙarƙashinta an duba: kwarangwal ɗinta bai tsage ba, tsatsa ba ta ci shi ba, giya tana shiga lafiya, ƙafafun gaba ne ke son aiki. Da kwarangwal ɗin ya karye da mu ma mun ce a sayar. Kuɗin da za a samu a motar da ba ta da inji ba zai sayi wata ba, wadda za a saya kuma ita ma ta hannu ce, da nata ɓoyayyen ciwon, alhali wannan mun san nata. Gyaran tsohon injin kuwa, da zobba kawai ne da shi ya fi, amma da kilas da fistan da gyaran silinda kuɗin yana kusan kamo na wani injin, kuma ya dogara ga ingancin kayan da za a samu.

Ma'aji zai karanta muku lissafi kashi biyu, na injin dabam, na kayan kewaye dabam, sa'an nan magana ta koma hannun iyayenmu. Amma akwai abu guda da muke roƙo a yanke yau kafin a watse, domin biro ba zai iya yanke shi shi kaɗai ba. Motar nan ranar kasuwa take samo kuɗin man da take kai marasa lafiya, mun sani. Sai dai in ta ɗauki mutum 19, anka aza mata buhunan gero da wake bisa kai har ta durƙusa, ta shiga yashi da giya ta ɗaya da tsakar rana, injin da ke ƙarƙashin kujerar direba wuta yake sha. Direba yaro ne, ba ya iya ce wa kawunsa ko surukinsa sauke buhunka. Ku dattawa ku faɗi adadin buhunan da za a riƙa azawa, a rubuta a jikin ƙofar motar, kuma ku faɗi jika nawa za a riƙa cirewa daga kuɗin kowace kasuwa a sa cikin asusun juye, da sunan wanda zai riƙe makullinsa.